Gajiyar da Gwaggo Ta Koya wa Ɗigo

Duk wanda ya gaishe ka ya ce "Ina gajiya?" amsar da yake jira ita ce "Ba gajiya." Gwaggona kaɗai na sani da ke amsa wannan gaisuwa da gaskiyarta. Sai ta ce, "Ga ta nan, tare muka kwana." Tun mutanen gidan hayarmu suna dariya har suka saba. Yaran layi suka raɗa mata Gwaggo Nagaji, sunan ya bi ta har wurin aiki, ita kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni da yayana bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta haɗa mu da 'yarta guda ɗaya tilo, wadda muke kira Yaya. A ɗaki da falo muka tashi, cikin gidan haya mai ƙofofi a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Aikinta wanki da guga ne a wani otal da ke bakin babban titi, kuma tun kafin a haife ni take can. Ɗakin wankin a ƙasa yake, bayan kicin, sai an sauka matattakala. Ba shi da taga, sai fanka da ke kwasar zafi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan. Injinan wanki suna gefe suna gurnani, teburan guga a tsakiya, zannuwan gado da tawul kuwa ba sa ƙarewa. Kafin a gama ninke na jiya, na yau sun sauko cike da keken turawa. Tsayuwa ta kumbura mata ƙafafu, tururi ya dafe mata yatsu har takan ɗauki murfin tukunya daga kan wuta ba tsumma.

Wata rana da yamma ina shafa mata man zafi a ƙauri, na ce, "Gwaggo, wai ke ba kya fushi ne?"

"Wa ya faɗa miki?" ta ce, idonta a rufe. "A gidan da na tashi, in kin ce kina fushi a ce ba ki da kunya. In kin ce kina jin tsoro a ce raguwa. In kin ce ranki ya ɓaci a ce da me aka rage ki, ci ko sha? Amma ki ce kin gaji, ko wanda ba ya son ki sai ya ce miki sannu. To ni sannun nake so. Ƙara dannawa nan, wajen idon sawu."

Da wannan kalma ɗaya ta raine mu. Kare ya biyo ni daga makaranta na shigo a firgice, ta ce, "Kin gaji ne, je ki kwanta." Yayana ya faɗi jarrabawa ya ƙi cin abinci, ta ce ya gaji, ya je ya kwanta. Mu kuma muka ɗauka haka duniya take: duk abin da ya taso wa mutum a ƙirji gajiya ce, maganinta katifa. Ni sai da na shiga cikin ƙawaye a sakandare na ji ana rarrabe takaici da haushi, fargaba da tsoro, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Yayana kuwa bai warke ba. Har yau in matarsa ta ɓata masa rai sai ya ja bargo, ko da rana tsaka ce. A farkon aurensu har tambayata ta yi a ɓoye ko yana da wani ciwo na barci da muka rufe mata.

Sai ga Ɗigo. 'Yar Yaya ce, an haife ta 'yar mitsitsiya, shi ya sa sunan ya kama ta. Ba ta cika shekara huɗu ba Yaya ta samu aiki a wata masana'antar ɗinki a wani gari mai nisa. Mijinta direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida. Wurin kwanan da masana'antar ta ba ma'aikata ba a shiga da yara. Surukar Yaya, wadda ake kira Hajiya Mai Shago, ta so a bar mata yarinyar, amma Yaya ta ce a wajen mahaifiyarta hankalinta zai fi kwanciya. Kowa ya san Hajiya ta ajiye abin a ranta.

Zuwan Ɗigo ya sauya Gwaggo. Matar da a da in ta dawo aiki ko takalmi ba ta gama cirewa take zubewa a tabarma, sai ga ta tana zaune tana bari a yamutsa mata gashi da sunan kitso. Ta daina tsayawa hira a bakin otal. Ta sayi ɗan ƙaramin baho mai ruwan ɗorawa, ta riƙa dawowa da gutsuren sabulu mai ƙamshi da baƙi suka bari. "Ƙawata," take kiranta. "Ƙawata, yau me kika ajiye min?" Da rana maƙwabciyarmu ke duba yarinyar, ni ina karɓarta in na taso daga shagon buga takardu da nake aiki.

Ba a jima ba Ɗigo ta fara cewa ta gaji.

Da farko dariya muka yi, don da muryar Gwaggo take faɗa, har da dafa ƙugu. Amma abin ya ƙi tsayawa. Ta tashi da safe ta ce ta gaji. Ana tsakiyar wasa a tsakar gida ta ajiye 'yar tsanarta ta ce ta gaji. In an gama waya da mamanta, kafin a ajiye wayar ta ce ta gaji. Gwaggo ta ce, "To je ki kwanta, ƙawata." Sai ta je ta kwanta, idonta biyu, tana kallon silin. Ba ta kuka, ba ta rigima. Abinci ma ta rage ci. Muka kai ta asibiti aka duba jininta, aka auna ta, aka ce lafiyarta ƙalau, a dai riƙa ba ta 'ya'yan itace.

A wannan hali Hajiya Mai Shago ta zo ganin jikarta. Ta zauna a kujera ɗaya da muke da ita, ta ciro biskit daga jaka.

"Ke 'yar nan, zo ki gaishe ni mana."

Ɗigo na kwance a katifa ta ce, "Na gaji."

"Kin gaji? Dutse kika fasa?" Hajiya ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta juyo wajen Gwaggo. "Tun yaushe take haka?"

"An kwana biyu, Hajiya. Mun kai ta asibiti, sun ce ba komai."

"Ba komai, yarinya tana kwance da rana kamar tsohuwa? Ni ban ce kina sa ta aiki ba, Allah ya kiyaye bakina. Amma mutum ba ya gajiya a banza. Kina fita tun safe, wa ya san abin da ake ɗora mata a bayan idonki? Ubanta na dawowa daga wannan tafiya zan sa ya kawo min ita. Ni shagona a ƙofar gida yake, idona a kanta."

"Allah ya dawo da shi lafiya," Gwaggo ta ce.

Ta raka ta har bakin titi, ta dawo ta ɗauki kofin da Hajiya ta sha ruwa ta wanke shi, ta sake wanke shi. Ta san Direba, mijin Yaya, ba ya ƙetare maganar mahaifiyarsa. In ya dawo ya tarar da 'yarsa a kwance tana cewa ta gaji, shi ke nan, an raba ta da yarinyar, kuma da sunan ta kasa riƙo.

Ana cikin wannan jiran maƙwabciyarmu ta kwanta zazzaɓi, ba mai duba Ɗigo, dole Gwaggo ta tafi da ita wurin aiki. Da rana na nemi izini a shago na je karɓo ta. Na same ta zaune a kan kwandon da aka kife, nesa da dutsen guga, tana ninke wani ɗan tawul na fuska tana warwarewa. Gwaggo na teburinta. A tebur na kusa akwai Doguwa, abokiyar aikinta ta shekaru, mace mai baki kamar reza, wadda Shugabar ɗakin wankin ma shakkarta take yi.

Ina tsaye ina jira Gwaggo ta gama zanin da ke hannunta, sai wata mai gyaran ɗakuna ta sauko da keken wanki. Ta juya mana baya tana sauke kaya. Siririya ce, ta ɗaura ɗankwali can baya, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Ni kaina sai da na sake dubawa, don ta baya Yaya ce sak. Ɗigo ta yar da tawul ta ruga a guje ta rungume ƙafafun matar.

Matar ta juyo tana dariya. "A'a, 'yar wa ce wannan kyakkyawa?"

Ɗigo ta ɗaga kai ta kalle ta. Ta saki zanin matar a hankali. Ta dawo ta hau kan tulin zannuwan da ba a wanke ba, ta kwanta ta naɗe ƙafa.

"Kaka, na gaji."

"To kwanta, ƙawata, yanzu za ku tafi gida."

Doguwa ta dangwarar da dutsen gugarta a tsaye. "Ke Nagaji. Wannan yarinya ba abin da ke damunta, gado ta ci."

"Wane gado? Na kwanciya?"

"Duka biyun. Gadon bakinki nake nufi. Ranar da mijinki ya rasu na zo miki gaisuwa, me kika ce min? Kin gaji. Ranar da Shugaba ta wanke ki tas a kan tawul ɗin da ba ke kika ƙona ba? Kin gaji. Ranar da 'yarki ta hau mota ta tafi, kika zo nan kika yi ta goge zani ɗaya har ya kusa zama takarda, na ce lafiya, kika ce kin gaji. Yarinya ta buɗe baki a ɗakinki, wace kalma za ta tsinta a ƙasa? Kina da ido, kin ga abin da ta yi yanzu."

"Ke dai bakinki ba ya hutu."

"Ina zai huta, naki ya kwashe gajiyar duka." Doguwa ta yayyafa ruwa a rigar filo. "Ni dai in kina son shawara, mai sauƙi ce. Ki saya mata alewa, ki koya mata in Hajiyar nan ta zo ta miƙe ta ce lafiya lau, ta yi tsalle biyu. Yara ai aku ne. Uban ya zo ya gani, magana ta mutu."

Gwaggo ta jawo wani zanin. Ta ci gaba da guga, amma na ga ta wuce gefen zanin tana goge katakon tebur.

Da yamma ta dawo gida ba alewa a hannunta. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ɗora Ɗigo a cinya. Ina bakin ƙofa ina yanka albasa.

"Ƙawata, gajiyar nan taki, a ina take? A ƙafa?"

Ɗigo ta girgiza kai.

"A hannu? A baya?"

"A'a."

"To nuna min."

Yarinyar ta karkata kai kamar mai saurare, sannan ta ɗora tafin hannunta a ƙasan wuya, inda ƙirji ya fara. "Nan. Kamar na haɗiye ƙwallo."

Gwaggo ta daɗe tana kallon wurin. Na ga bakinta yana motsi kafin sauti ya fito, kamar mai neman makulli a cikin tsohuwar jaka.

"Wannan ba gajiya ba ce," ta ce. "Ni na faɗa miki ba daidai ba. Sunanta kewa. In kina son ganin mutum, shi kuma ba ya nan, ita ce take zuwa ta zauna a nan. Kewar mamanki kike yi."

"Kewa," Ɗigo ta maimaita. "In na kwanta za ta tafi?"

"Ba ta tafiya da kwanciya."

"To me ake yi mata?"

Gwaggo ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Ta shekara sama da hamsin tana kwanciya da tata, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

"Ana faɗa wa mai ita, wanda ake kewar," ta ce daga ƙarshe.

Ɗigo ta yi kamar minti tana juya maganar. Sai ta fashe da kuka. Tun ranar da Yaya ta tafi ba mu ji kukanta irin wannan ba, mai ƙarfi, har da shure-shure, har maƙwabciya da zazzaɓinta ta leƙo tana tambayar wa ya dake ta. Gwaggo ba ta ce mata yi shiru ba, ba ta ce je ki kwanta ba. Ta riƙe ta kawai tana jijjiga ƙafa. Da Ɗigo ta gama, ta nemi abinci, ta cinye, ta nemi ƙari.

Kwanakin da suka biyo baya kalmar ta zame mata sabon takalmi, ko'ina da ita take zuwa. Tana kewar biskit. Tana kewar kyanwar maƙwabta da ta shiga bayan gida yanzu-yanzu. Yaron ɗaki na ƙarshe ya ƙwace mata 'yar tsana, ta zo ta ce tana kewa, Gwaggo ta ce, "A'a, wannan haushi ne, kuma kina da gaskiya, je ki ce ya ba ki abinki." Aka ɗauke wuta ta maƙale min, na ce mata wannan tsoro ne. Ta riƙa zuwa da hannu a ƙirji ko a ciki tana tambaya, "Wannan fa, mene ne sunansa?" Wani lokaci Gwaggo ta sani, wani lokaci ta ce, "Tambayi antinki, ita ta yi boko." Ɗigo ta daina kwanciyar rana. Ta ƙara rigima ƙwarai, har na fara tunanin da can ma mun fi samun sauƙi.

Da Direba ya dawo, tare suka zo da mahaifiyarsa. Ɗigo na tsakar gida tana faɗa da yaron nan a kan murfin kwalba. Ta zo ta haye ubanta, ta laluba aljihunsa. Hajiya ta jawo ta.

"Yau ba ki gaji ba?"

"Ba gajiya ba ce. Kewar Mama ce. Tana nan." Ta kama hannun Hajiya ta ɗora a ƙasan wuyanta. "Ke ma kina da ita?"

Hajiya ta zare hannunta a hankali. Ta kalli ɗanta, wanda take gani sau ɗaya a wata in an yi sa'a, ta gyara mayafi. "Wannan yarinya da manyance take," ta ce. Ta sha ruwa, ta yi hirar tsadar kaya, ta tashi. Ba ta ƙara tayar da maganar ɗaukarta ba.

Na ɗauka an gama. Amma ranar hutun Yaya ta matso, ranar da take kiran waya, sai na ga Gwaggo ta kasa zama wuri ɗaya. Ta kira ni falo ta rage murya.

"Kin san halin yayarki. Da yarinyar nan tana ce mata ta gaji, cewa take yi a ba ta maganin ƙarin jini. In ta ji wannan, ba za ta iya barci a can ba. Za ta zo ta ɗauke ta."

"To a bari sai an kwana biyu mana, Gwaggo. Ni zan riƙe wayar, su gaisa kawai."

"Ni na ce mata ana faɗa wa mai ita." Ta murza goshi da yatsunta masu kanta. "In ce mata kuma ban da yau?"

Da wayar ta yi ƙara ita da kanta ta miƙa wa Ɗigo. Yarinyar ko gaisuwa ba ta yi ba. "Mama, ina kewarki. Kaka ta ce ba ta tafiya da kwanciya." Daga inda nake ina jin hayaniyar 'yan ɗakin Yaya a bayanta, sannan wani sauti kamar an toshe baki da hannu.

Wata bai ƙare ba Yaya ta bar wurin kwanan masana'anta, ta kama ɗan ɗaki a bayan gari tare da wata abokiyar aikinta mai goyo, suka shirya ɗaya ta yi aikin safe ɗaya ta yi na yamma. Ta zo ta kwana ɗaya. Gwaggo ta wanke kayan Ɗigo duka, har waɗanda ba su yi datti ba, ta goge su kamar na baƙon otal, ta jera a jaka. Ta sa bahon nan mai ruwan ɗorawa a leda ta ɗaure. Yaya ta ce zai yi musu nauyi a mota, Gwaggo ta ce ba shi da nauyi. Ba ta raka su tasha ba, don ba ta samu wanda zai tsaya mata a tebur ba.

Yanzu ranar hutu Ɗigo ce take fara karɓar waya. Tana kewar Kaka, tana kewar Doguwa, tana jin haushin jaririn ɗakinsu saboda yana kuka ba ya faɗin sunan abin da ke damunsa. Gwaggo takan ce, "To. Kin ci abinci? Wa ya yi miki kitso?" Takan saurara har katin ya ƙare.

Kwanan baya ta tambaye ni a wace tasha ake hawa motar garin da Yaya take, kuma ko akwai mai tsayawa a hanya mutum ya miƙe ƙafa. Ta je ta sami Shugaba ta nemi hutun 'yan kwanaki, abin da Doguwa ta rantse ba ta taɓa ganin ta yi ba. Shugaba ta ce otal cike yake da baƙi, ta bari sai sun ragu. Gwaggo ta sayi 'yar riga mai aljihu biyu ta ajiye a ƙasan akwati. Baƙin ba su ragu ba tukuna, ni kuma na fara tsoron rigar za ta yi wa yarinyar kaɗan.